Abin da Goggo Ta Ƙunso a Ɗankwali

A watannin da aka ɗauke layukan waya a jiharmu, baƙo ba ya aiko da sanarwa, sai dai a ji sallamarsa a zaure. Haka muka ji ta Goggo, ƙanwar Baba, wata rana da hantsi. Ta sauko daga motar Zurmi da ƙullin kaya a ka da 'yar kwalla a hannu. Ta ce gwiwa ce ta matsa mata, ta zo Ƙaura a duba ta a asibiti. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka dama fura, aka yi ta gaisuwa har aka gangaro kan awaki. Ni dai ban ga ta ɗingisa ba.

Lokacin ban daɗe da shiga babbar makarantar garinmu ba. A gida ni ke kula da kwamfuta, wata tsohuwa ta kan tebur da Baba ya saya ta hannu sa'ad da ya bar aiki, da niyyar buga wa mutane takardu. Niyyar ba ta yi nisa ba, kwamfutar ta zauna a shagon da nake kwana kusa da zaure. Ba wai na fi kowa saninta ba ne. Ni kaɗai ne ke da haƙurin zama gabanta tana tunani.

Babban ɗan Goggo ya rasu kafin faɗuwar damina, bayan zazzaɓin da bai kai mako ba. Taubashina ne, kuma a gidanmu ya yi rabin ƙuruciyarsa, shi ya sa shi ma Goggo yake ce mata kamar yadda muke cewa. Ya girme ni, ya fi ni baki nesa ba kusa ba. In ya shigo ya same ni da littafi sai ya ce, "Bawana, har yanzu ba ka gama haddace takardar ga ba? Tashi ka ɗebo wa ubangidanka ruwa." Ni kuwa sai na yi kwana biyu kafin in samo amsar da zan mayar masa, lokacin ya riga ya koma Zurmi. Ɗaukar hoto ce sana'arsa. Biki, suna, saukar karatu, duk inda aka taru a Zurmi da ƙauyukanta, za ka gan shi da kyamara a wuya yana jera mutane.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Goggo ba. Ɗan fari ne. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "yaron ga". In ya shigo ɗaki ta tashi ta nemi abin yi a madafa. Ko a zaman makoki, matan da suka zo yi mata gaisuwa su ne ke kuka, ita ke ba su haƙuri tana tura yara su kawo musu ruwa. Wasu suka ce taurin zuciya gare ta. Inna ta ce su dai ba su san ta ba.

Washegarin zuwanta, bayan an karya, Inna ta leƙo shagona ta miƙo mani wani abu a naɗe cikin ɗankwali mai ƙanshin turaren wuta.

"Goggonka ta ce ka duba mata wanga. Wai mutane sun dame ta da neman hotunan bikinsu, an ce suna ciki."

Na warware. Ɗan akwatin ajiya ne baƙi, irin wanda ake jona wa kwamfuta da waya, wanda muke ce wa had-dis. Na san shi. A aljihun jakar taubashina yake zama, kuma bai taɓa yarda na taɓa shi ba. Yanzu gefensa ya ƙuje, an ɗaure wayarsa da tsumma.

Daga baya na ji yawon da ya sha. Bayan rasuwar, duk wanda aka taɓa ɗauka hoto sai ya zo gaisuwa, in zai tashi ya ce ko za a ara masa akwatin ya kwashi nasa. Wa zai hana mai gaisuwa? Daga wannan gida zuwa wancan, daga nan zuwa rumfar masu tura waƙa da fim a waya, har ƙannensa ma sun kai shi an zuba musu finafinai. Ranar da ya dawo hannun Goggo, aka ce mata ya daina buɗewa.

Da aka kawo wuta na kunna kwamfuta na jona shi. Ya yi ɗan gurnani a tafin hannuna, fitilarsa ta kama. Foldodi suka fito da sunayensu, amma kowace da 'yar kibiya a gindinta. Na san wannan cutar, babu ɗalibin da bai san ta ba. Bairos ne da ke ɓoye kayanka, ya ajiye maka hotonsu na bogi, kana dannawa ya shige kwamfutarka. Ban danna ba. Amma kafin in yi wani tunani, antibairos ɗin da ke kan kwamfutar ya yi ƙara, ya cika fuskar kwamfutar da jan rubutu, ya shiga shara. Ina kallo foldodin suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya yi mani albishir cewa komai ya tsabtata. Akwatin ya koma fari fat, ko ɗigo babu.

Na rufe shi na sake buɗewa, babu abin da ya dawo.

Yayana ya shigo neman caja ya same ni haka. Ya leƙa ta kafaɗata.

"Shi ke nan, bairos ya cinye. Yi mashi fomatin kawai, ko ba komi a tsira da akwatin. Ni ma ina da abin zubawa."

Fomatin shi ne a goge komai a mayar da shi sabo. Na ce, "Yaya, kayan na nan ciki."

"Ina? Nuna mani."

"Ban gan su ba tukuna."

"To ka ji. Malam ya fara ganin aljannu." Ya miƙo hannu zai kama linzamin kwamfutar.

Ban saba musu da Yaya ba, ban saba musu da kowa ba. Amma na ɗora hannuna a kan linzamin na ƙi ɗagawa. Na nuna masa ɗan layin da ke ƙarƙashin sunan akwatin, mai nuna yawan abin da ke ciki. Ja ne, ya kusa kaiwa ƙarshe. Na ce masa kamar rumbun da aka liƙe bakinsa ne, ba ka ganin hatsi, amma in ka ƙwanƙwasa ka san ba fanko ba ne. Ya dube ni, ya dubi hannuna.

"Yau kuma bebe ya yi magana. To zauna ka yi ta ƙwanƙwasa."

Na shiga inda ake umartar kwamfuta ta nuna ɓoyayyun abubuwa, na danna. Ina fita, sai umarnin ya koma yadda yake da kansa. Na sake, ya sake komawa. Nan na gane cewa antibairos ɗin ya share 'ya'yan ne ya bar uwar, kuma uwar ta riga ta tare a kwamfutarmu. Ba laifinsa ba ne sosai. Rabonsa da sabuntawa tun kafin a ɗauke sabis, kullum sai ya yi mani ƙorafi a kusurwar fuska, ni kuwa ba ni da inda zan samo masa. Na zare akwatin na mayar da shi cikin ɗankwalinsa, don ban san abin da cutar za ta yi masa ba in ya daɗe a jone.

Ina da aboki ɗan Shinkafi da muke aji ɗaya, wanda ya koma gida. Na san yakan bi wansa Sakkwato, inda waya ke aiki, kuma ba ya dawowa sai da sababbin manhajoji a filash. Babu halin kira. Sai na je wurin maƙwabcinmu direba da ke bin hanyar, na tsaya a bakin motarsa ina murza hannu har ya gama ɗaure kaya.

"Mi an na, ɗan malam? Faɗi mana, rana na yi."

Na yi masa bayani, na kwatanta masa gidan.

"Filash? Abin ga mai kamar ɗan yatsa? Don shi zan ratsa cikin Shinkahi ina sallama gida gida?" Ya tofar da ɓawon goro. "Na wa za a gyara?"

Na ce na mai hoton Zurmi ne, wanda ya rasu.

"Shi ya ɗauki hoton sunan ɗiyata. Allah ya jiƙan shi. Je ka, in hanya ta yi kyau za ka gani."

Hanya ba kullum take kyau ba a lokacin, don haka aka ɗauki kwanaki. Goggo ta je asibiti sau ɗaya, ta dawo da man shafawa, ta ajiye shi a kan taga. Baba ya tambaye ta yaushe za ta koma, kada gero ya isa yanka ba ta nan. Ta ce gwiwar dai ba ta saki ba. Ba ta taɓa tambayata labarin akwatin ba. Amma ta ɗauke wurin ɓarar gyaɗarta daga gindin darbejiya ta dawo da shi bakin ƙofar da ke kallon shagona. Duk sa'ad da aka kawo wuta, fankar kwamfuta ta fara kuka, sai in ji ɓarar ta tsaya.

Wata rana na fito alwala ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Injin naka ya cika ƙugi. Ba ka ba shi abinci ne?"

"Wuta ce abincinsa, Goggo."

"Ashe da yunwa yake kwana, kamar mai shi. Zo ka ɗibi gyaɗa."

Na tsuguna na ɗiba. Na so in ce mata kayan suna nan, in sha Allahu za su fito. Na kasa, don ban tabbata ba, kuma don ita ba ta ce tana jiran komai ba.

Ranar da direba ya kawo filash ɗin, a ƙulle cikin leda an cusa shi a tsakiyar ƙullin ƙuli-ƙuli, na yi gaggawar zuba sabon antibairos a kan tsohon. Kwamfutar ta sandare. Kowannensu ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo, suka sarƙe kamar raguna biyu a turke ɗaya, linzami ma ya ƙi motsi. Sai da na kashe ta, na lallaɓa na cire tsohon, sannan sabon ya samu wurin zama. Kafin in sake shi aiki na bi saitinsa layi layi, na hana shi goge komai sai ya tambaye ni. Na fara da kwamfutar kanta, ban jona akwatin ba.

Binciken yana da tsawo, wutar kuma ba ta da alƙawari. Ya yi nisa, a ɗauke. A dawo da ita, ya faro daga farko. Janareta kuwa ya zama kayan ado, don an hana sayar da fetur a jarka. Haka muka yi ta yi har wata ranar da wutar ta manta da mu ta zauna tun safe. Antibairos ɗin ya kamo uwar cutar a wani lungu, ya tambaye ni, na karanta sunan sau biyu na ce ya kashe. Sannan na yi bisimilla na jona akwatin. Nan ma ya kamo abin da ya kamo. Na koma na ba da umarnin nuna ɓoyayyun abubuwa, har da waɗanda kwamfuta ke gargaɗin kada a taɓa. Wannan karon umarnin ya zauna.

Wata folda ta bayyana, dishi-dishi, ba ta da ko suna. Na buɗe.

Komai yana nan. Taubashina ya jera aikinsa gari gari, wata wata, abin da ban taɓa zaton mai surutu irinsa zai iya ba. Kafin in buɗe ko ɗaya sai da na kwafe na Zurmi zuwa cikin kwamfutarmu, iya abin da cikinta zai ɗauka. Sannan na shiga dubawa.

Amare da angwaye, jarirai cikin tawul, 'yan makaranta riƙe da alluna, dattawa a kan buzu, wani Bafulatani da ya sa aka ɗauki bijiminsa ta kowane gefe. Na ga Baba, na ga Inna tana kare fuska, na ga kaina a bakin shago da littafi, ban ma san an ɗauka ba. Na wuce azahar ina dubawa. Sai a hankali na lura da abin da nake nema, na kuma lura ban same shi ba. Shi ba ya ciki. Kullum yana bayan kyamara. Abin da na samu nasa bai wuce inuwarsa a ƙasa gaban wasu 'yan biki ba, da gefen yatsansa a kusurwar wani hoto.

Na sami Inna a madafa na gaya mata a hankali.

"Hotunan mutane sun fito. Amma nashi babu ko ɗaya."

Ta ajiye muciya. "Ka duba da kyau?"

"Na duba."

"To kada ka ce mata komi tukuna. Ba hoton kowa ya kawo ta ba, kai ma ka sani."

Na koma. Saura foldar bidiyo, wadda na tsallake saboda na ɗauka finafinan ƙannensa ne. Akasarinsu su ne. Amma a ƙasa akwai wasu gajeru da ya ɗauka da kansa. Na buɗe na farko, sai muryarsa ta cika shagon: "Ku matso, ku matso! Kai mai jar hula, an ce ka yi murmushi, ba a ce ka tsorata amarya ba." Na yi sauri na rage ƙara.

A cikinsu akwai wanda ya ɗauka a tsakar gidansu na Zurmi. Goggo ce tsaye tana shiƙar gero, ƙaiƙayi na tashi. Muryarsa na cewa, "Goggo, ɗago kai mana duniya ta gan ki. Goggo! Hajiyar gero!" Ita kuwa ta ce wa wata da ba a gani, "Ke, kore mani wancan marar aikin yi." Ta juya masa baya. Amma bai kashe ba, ya matsa kusa, kuma ana ganin kafaɗunta suna rawa, dariya take yi. Shi ma ya fashe da tasa, hoton ya girgiza, ya ƙare.

Da la'asar ta yi sanyi, Baba da Yaya sun fita, na leƙa na ce, "Goggo, hotunan mutanen sun fito. Ko za ki zo ki nuna mani na waɗanda suka dame ki?"

Ta kakkaɓe zanenta ta shigo. Ta ƙi kujera, ta zauna a bakin katifata. Na riƙa wuce mata hotuna tana faɗin masu su. Wannan ɗiyar wane ce, an kai ta Ɗan Isa. Wannan tsohon ya rasu. Waɗannan sun tashi daga ƙauyensu, suna Gusau yanzu. Idonta kuwa ba a kan fuskokin yake tsayawa ba, gefe-gefen hoton take bi.

Na ce, "Akwai wani na gidanku, na shiƙa."

Ban jira amsarta ba, na kunna.

Da muryar ta fito, hannunta ya kai bakinta ya tsaya a can. Ba ta yi motsi ba har ya ƙare. Ni ma ban dube ta ba, na kafa ido a kan madannai.

Can ta ce, "Ji shiƙar banza. Duk rabin geron a ƙasa."

Na nuna mata dogon madannin da ke ƙasa. "In an taɓa wannan yana sake farawa. Ni zan je masallaci, kada magariba ta same ni ba alwala."

Da sauran lokaci kafin magariba, ita ma ta sani. Na fita na ja ƙofar. Inna na tsaye a tsakar gida da tsintsiya, na girgiza mata kai, ta koma ɗaki ta kira yara ta rufe.

Ban je masallacin ba, a zaure na zauna. Ta bango ina jin sa. "Goggo! Hajiyar gero!" Sai dariya, sai shiru. Sai kuma ya faro. Ban ƙirga ba. A wani zagayen, tsakanin dariyarsa da farowar, na ji ta faɗi wata kalma guda ƙasa-ƙasa, irin yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Na tashi na koma bakin titi inda ba zan ji ba.

Ana gab da kiran salla aka ɗauke wuta. Na dawo na tsaya a bakin ƙofa na yi gyaran murya. Ta fito tana gyara lulluɓi, fuskarta a bushe, idanun ne kawai suka kaɗa. Ta wuce ni kamar za ta shiga cikin gida, sai ta tsaya.

"Kai, yaushe su ka maido wutar ga?"

"Ba a sani ba, Goggo. Wataƙila gobe da safe."

Ta jinjina kai. "To ka ce wa babanka gwiwar ta yi sauƙi. Amma sai jibi ni ka tahiya."